Dila Ya Ce A Canja Faifan Birki: Laifi Ne A Tambaye Shi Dalili?

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin zancen birkin mota a wannan mujalla tamu, wadda aka saba ganinta cike da nazarin waƙa da karin magana da nahawu. Ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe. Mafi yawanmu a mota muke zuwa makaranta, a mota muke komawa gida hutu, kuma duk wanda ya shiga mota ya ba da amanar ransa ga wani ƙarfe wanda faɗinsa bai wuce na faifan rufe tuwo ba. Bayan wannan kuma, mai karatu zai ga cewa harshe yana da nasa kason a cikin matsalar, kuma wannan kaso namu ne mu ɗaliban Hausa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, idan dilan mota ya ce wa mutum faifan birkinsa ya ƙare, to bai kamata ya amince nan take don jin kunya ba, bai kuma kamata ya ƙi nan take don tsoron kashe kuɗi ba. Abin da ya kamata shi ne ya nemi a auna faifan a gabansa. Magana ce ta awo, kuma awo ba ya son kai.

Mafarin Zancen

A hutun da ya wuce na raka wani kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wani babban kamfanin dilan motoci domin a yi wa motarsa sabis. Abin da ya kai mu shi ne juyen baƙin mai, da kuma wata 'yar ƙara da yake ji a tayar gaba idan ya taka birki. Bayan mun yi zaman jira na kusan awa guda, sai wani matashi mai karɓar baƙi ya fito da takarda a hannunsa, ya rusuna ya ce, "Baba, an duba motar. Takalman birkinku na gaba sun cinye, kuma dis ɗin ma ya tafi. Dole a canja duka biyun." Kuɗin da aka rubuta ya haura fanshon Kawu na wata guda.

Kawu ya yi shiru yana kallon takardar, na kuma lura hannunsa ya fara laluben aljihu. Sai na matsa kusa da shi na ce, "Kawu, da za ku yarda, da na yi masa tambaya ɗaya." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kar ka sa mu ji kunya, su ne suka san aikinsu." Da na nace, sai ya ɗaga mini kai. Na ce wa matashin, "Malam, don Allah nawa ne kaurin faifan yanzu, kuma nawa ne iyakar da masu ƙera shi suka sa?" Ya ce shi bai sani ba, abin da aka rubuto masa daga ciki ke nan.

Aka kai mu wurin bakaniken da ya yi aikin, wani dattijo mai sauƙin kai. Ya goge tsatsar da ke gindin faifan da burushin waya, sai ga lamba ta fito a jikin ƙarfen: iyakarsa milimita 24. Ya ce sabonsa milimita 26 ne. Ya ɗauko ma'aunin kauri ya gwada wurare da dama a kewayen kowane faifai, na dama ya ba da 25.3, na hagu 25.2. Watau ko rabin abin da aka yarje wa faifan ya ci bai ci ba. Da aka tsananta dubawa kuma sai aka tarar ɗaya daga cikin ƙusoshin da maƙalin birki yake zamewa a kansu ya cije don rashin giris, shi ya sa takalmi ɗaya ya cinye fiye da ɗan'uwansa, shi ne kuma tushen ƙarar. Wannan kuwa ba ya cikin takardar da aka kawo mana. Aka sa sababbin takalma, aka wanke ƙusa aka sa mata giris, muka biya abin da bai kai sulusin kuɗin farko ba.

Ban kawo wannan labari don in ce an yi nufin cutarmu ba. Mai yiwuwa wani yaron gareji ne ya leƙa ta cikin taya, ya ga tsatsa da ɗan tudu a bakin faifan, ya yanke hukunci da ido. Abin lura dai shi ne, da Kawu ya biya, da an jefar da ƙarfe mai lafiya, an kuma bar ainihin cutar a jikin motar.

Yadda Abin Yake Aiki

Domin mai karatu ya gane abin da ake jayayya a kansa, bari mu yi ɗan bayani. Faifan birki, wanda makanikai ke kira dis, wani kewayayyen ƙarfen zubi ne da ke juyawa tare da taya. A gefensa akwai maƙali mai kama da bakin awartaki, wanda suke kira kalifa, a cikinsa kuma akwai takalma biyu, ɗaya ta kowace fuska. Idan direba ya taka birki, man birki yakan tura takalman su matse faifan, gogayyar da ke tsakaninsu ta mayar da ƙarfin gudun motar ya zama zafi, faifan kuma ya watsar da zafin cikin iska. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Kuma da yake nauyin mota yana rinjaya gaba yayin tsayawa, birkin gaba shi ya fi shan wahala.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bature, Frederick Lanchester, ya yi rajistar irin wannan birki a Ingila tun 1902, amma bai yaɗu ba sai bayan da motar Jaguar mai irinsa ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1953, sa'an nan kamfanin Citroën ya fito da motarsa DS da shi a 1955. Mu nan ƙasar, Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna tana cikin motocin da suka sa makanikanmu suka saba da shi. Don haka ba wani asiri ba ne da sai dila kaɗai ya san kansa.

An yi takalmi ne da nufin ya cinye, shi ya sa ya fi faifai taushi da araha. Sabonsa yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, ana kuma shawartar a canja shi idan ya ragu zuwa wajen milimita 3. Shi ma faifai yana ci, amma a hankali, har sau da yawa faifai ɗaya yakan ga bayan takalma sahu biyu, wani lokaci uku. Masu ƙera shi sukan buga iyakar kaurinsa a jikinsa, ko a gindi ko a baki, kuma a ƙananan motoci da yawa tazarar da ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare wajen milimita 2 ce, watau kamar kaurin tsinken ashana. To, ina idon da zai leƙa ta cikin taya ya rabe tsakanin 25.3 da 23.9? Babu shi. Sai ma'auni.

Yaushe Faifai Yake Ƙarewa Da Gaske?

Akwai halaye huɗu waɗanda idan aka sami ɗaya daga cikinsu, maganar dila gaskiya ce, kuma jayayya da ita wauta ce. Na farko, idan kaurin faifan ya kai iyakar da aka buga a jikinsa ko ya yi ƙasa da ita, domin siririn faifai yana saurin ɗaukar zafi, birki ya yi sanyi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Na biyu, idan ya tsage, musamman tsagar da ta kai baki. Wannan ba shi da magani, walda ma haɗari ce. Na uku, idan takalmi ya ƙare har ƙarfe ya ci ƙarfe, ya yi wa fuskar faifan kwari mai zurfi, ko kuma tsatsa ta ci ta har ta yi ramuka. Na huɗu, idan sitiyari ko abin taka birki yana karkarwa yayin tsayawa, aka kuma auna aka tarar kaurin faifan bai daidaita a kewayensa ba, ko yana lilo idan yana juyawa. Irin wannan lilo akwai agogon da ake auna shi da shi, kuma abin da aka yarje bai kai kaurin takardar rubutu ba. Kwari marar zurfi da rashin daidaito ana iya kai su wurin masu injin feƙe ƙarfe a share fuskar, muddin dai bayan sharewar kaurin bai faɗi ƙasa da iyaka ba. Idan kuwa canji ya tabbata, to a canja dama da hagu tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da ke tsorata mai mota alhali ba hujja ba ne su kaɗai. Jar tsatsar da ke bayyana a fuskar faifai bayan ruwan sama ko wankin mota takan goge da an taka birki 'yan lokuta. Ɗan tudun da ke bakin faifai, inda takalmi ba ya taɓawa, shaida ce cewa faifan ya ci, amma ba ya faɗin ko ya kai iyaka. Ita ma ƙara tana da dalilai da yawa, kamar yadda muka gani a motar Kawu.

Me Ya Sa Za A Tambaya?

Wani zai ce, ai dila ya fi ka sani, mene ne naka na tsoma baki? Amsa ita ce, fin sanin nan nasa shi ne ainihin dalilin tambayar. A cinikin hatsi mai saye yana ɗiban gero a hannunsa ya duba, ya ga mudu da idonsa. A gyaran mota kuwa mutum ɗaya ne yake gano cutar, shi yake faɗin maganinta, shi yake sayar da maganin, kuma ribarsa tana ƙaruwa gwargwadon girman cutar da ya faɗa. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da haka. George Akerlof ya yi rubutu a 1970 a kan yadda kasuwar tsofaffin motoci take lalacewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, aikin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka ba lambar Nobel a 2001. A 1973 kuma Michael Darby da Edi Karni suka yi bayanin wani irin kaya wanda ko bayan mutum ya saya ba zai iya sanin ko yana bukatarsa ba, suka kuma sa aikin gyara a cikin misalansu. Wanda aka canja wa faifai mai lafiya zai tafi gida da birki mai kamawa, ya yi ta godiya, har abada ba zai san an yi masa asara ba.

Kada a ɗauka wannan zato ne kawai. A 1992 hukumar kare masu saye ta jihar Kalifoniya a Amurka ta zargi garejojin kamfanin Sears da sayar wa mutane gyaran da ba su bukata, bayan ta riƙa aika motoci a ɓoye don gwaji, da yawansu kuwa gyaran birki aka kai su. A lokacin kamfanin yana biyan ma'aikatan da ke karɓar motoci la'ada a kan yawan abin da suka sayar. Kamfanin ya musanta cewa da gangan ne, amma ya soke tsarin la'adar, ya kuma biya miliyoyin daloli aka sasanta. Darasin da ke ciki shi ne, ba sai ma'aikaci ya zama mugu ba. Idan aka ɗaura abincinsa a jikin yawan kayan da ya canja, idonsa da kansa zai fara ganin cuta a inda babu ita.

A rubuce kalmar dila ta mai sayar da mota ta zo daidai da sunan dila na tatsuniya, malamin daji. Wannan dacewa ce kawai ta aron kalma, ba na kuma so a ɗauke ta hukunci.

Hujjar Dila

Adalci ya sa dole mu saurari ɗaya ɓangaren, domin dila ma yana da abin faɗa, kuma ba duka ne son kuɗi ba. Zai ce, idan faifai ya kusa iyaka, misali saura milimita 0.3, aka sa masa sababbin takalma, to zai wuce iyakar tun takalman ba su yi rabi ba, mai motar kuwa ba lallai ya dawo a duba ba. Zai ce sabon takalmi ba ya zama daidai a kan fuskar da ta yi kwari, ga shi kuɗin aiki ɗaya ne idan aka haɗa su, biyu ne idan aka raba. Zai kuma ce idan birki ya ƙi a hanya, sunansa za a kira, ba sunan ɗalibin da ya yi gardama ba.

Duk waɗannan na yarda da su. Amma a lura, kowace daga cikinsu tana tsayawa ne a kan lamba. Dilan da ya ce, "Alhaji, iyaka 24, naka 24.3, shawarata a canja yanzu," ya yi aikinsa, ya kuma bar wa mai mota zaɓi a kan sani. Wanda ya ce "ya tafi" kurum, bai ba da komai ba sai tsoro. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan ya fito da ma'auni, hasali ma amana yake saye, domin gani ya kori ji. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Namu Laifin

Ba zan rufe ido ga namu halin ba, domin muna da cuta iri biyu masu kishiyantar juna. Ta farko ita ce kunya. An tarbiyyantar da mu a kan kara da kawaici, abin yabo ne kuwa a zaman gida da zumunci. To amma idan dattijo ya shiga ofis mai sanyi, aka yi masa magana da Turanci, yakan ga tambaya kamar tuhuma ce, ko kuma tallar talaucinsa. Sai ya biya ya fita yana ƙuna a zuci.

Ta biyu ta fi muni, ita ce "lallaɓa mini". Na san wani direban haya a unguwarmu wanda bakanikensa ya gaya masa gaskiya cewa faifansa ya ƙare, ya ce duk bakin makanikai ɗaya ne, a sa masa takalmi mai araha ya je ya dawo. Bai dawo da motar da ƙafarta ba, janyo ta aka yi, faifan ya tsage a wata gangara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma akwai mata da yara a ciki. Wanda ya karanta wannan maƙala ya fahimci cewa ina ba shi izinin ƙin gyara birki, to bai fahimce ni ba. Idan ma'auni ya ce faifai ya ƙare, a canja shi ko da za a ci bashi, a kuma nemi mai kyau, domin jabun kayan gyara sun yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Cire faifan asali mai sauran rai a maye gurbinsa da jabu, asara biyu ke nan.

Kason Harshe

A nan ne zancen ya zo ƙofar sashenmu. Abin da ya ɗaure bakin Kawu a ranar nan ba rashin hankali ba ne, mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi. Rashin kalma ne. An ce masa dis, an ce kalifa, littafin motar da Turanci, rubutun jikin ƙarfen ma gajerun haruffan Turanci ne. Mutum ba ya iya tambaya a kan abin da bai san sunansa ba. Dokar gasa da kare masu saye ta Tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta tanadi haƙƙin mai saye na a ba shi bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Amma haƙƙi a takarda ba ya amfani idan harshen da za a yi bayanin da shi ba a tanade shi ba.

Makanikanmu na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun riga mu nisa. Sun ari kalmomi sun lanƙwasa su sun zauna a bakin Bahaushe, irin su birki da giya da totur da sitiyari da salansa. Ina ba da shawara ga 'yan'uwana masu neman batun kundin kammala digiri, wani ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna a gareji, ya tattara waɗannan kalmomi da ma'anoninsu da yadda aka sarrafa sautinsu. Nazarin aron kalmomi ne cikakke, kuma zai amfani direban da bai taɓa taka harabar jami'a ba.

Kammalawa

Ga abin da nake roƙon duk mai mota, malami ne ko ɗalibi ko mahaifinsa, ya riƙe idan aka ce masa a canja faifan birki. Ya tambayi iyakar da aka buga a jikin faifan. Ya nemi a auna a gabansa, dama da hagu, a rubuta masa lambar a takarda. Idan kauri bai kai iyaka ba, ya tambayi wane aibi ne aka gani, tsaga ce ko kwari ko lilo, a nuna masa. Idan bai gamsu ba, kuma birkin yana kamawa, ya nemi ra'ayin wani bakanike na biyu ba tare da jinkiri ba. Idan an canja, ya karɓi tsohon kayansa. Duk wannan ana iya yinsa da sallama da ladabi da godiya, ba sai an ɗaga murya ba.

Ga diloli da makanikai kuma, ina roƙonsu su riga mai mota fito da ma'auni, kada su jira sai an tambaya. A kasuwar hatsi ba wanda ya taɓa jin haushi don an ce a auna da mudu a gabansa, ban kuwa ga dalilin da zai sa ƙarfen da rayuka suka rataya a kansa ya kasa samun abin da gero ya samu ba.

Da muka fito daga kamfanin nan, Kawu bai ce mini komai ba sai da muka yi nisa. Can sai ya ce in rubuta masa lambobin nan uku a bayan takardar motar, 26 da 24 da 25.2, domin idan ya koma baɗi shi zai yi tambayar da bakinsa. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.